Sirrin gida a ƙagaggen labari: me ya sa tauraruwarki ta fito ba rai?

Tambaya: Malam, ina rubuta labari ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp. Tauraruwata ta taso a gidan wani attajiri. Sai ranar ɗaurin aurenta ta gano cewa Hajiyar da take kira Mama ba ita ta haife ta ba, ƙanwar Hajiyar ce ta haife ta ba ta hanyar aure ba. Na ɓoye wannan har shafi na 40 don in girgiza masu karatu. Sun girgiza kam, amma da yawa sun ce yarinyar ba ta shiga ransu ba. Ta yaya sirrin gida da shawarar da iyaye suka yanke ke gina halin tauraro a labari?

Malama, masu karatunki gaskiya suka gaya miki, kuma ko ban ga rubutun ba ina iya nuna inda ya gurgunce, domin duk mai aikin tace littattafai yana yawan cin karo da irinsa. A wurinki sirrin nan abu ne da zai faru a shafi na 40. A wurin mutanen gidan kuwa ya faru ne shekara ashirin kafin shafi na 1, kuma tun daga ranar babu wayewar garin da ba ya tilasta wa wani a gidan ya yi wani abu, ko ya fasa yin wani abu. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne suka yi renon yarinyar. Idan a shafuka 39 na farko ta rayu daidai da yadda kowace 'yar attajiri ke rayuwa, to kin rubuta yarinyar da sirrin bai taɓa ba, sannan kika jefo mata shi daga sama. Mai karatu zai zabura, amma ba zai ji ta a jikinsa ba.

Gidan da ke da sirri kamar ɗaki ne mai yoyo. Manya sun san inda rufin ya huje, sun ja gado gefe, sun aje roba. Yaron da ya taso a ɗakin bai taɓa ganin hujin ba, amma ya san akwai kusurwar da ba a shimfiɗa tabarma, kuma haka zai girma yana kauce mata bai san dalili ba.

Bari mu shiga gidan da kika gina mu ga abin da ɓoyon ke jawo wa kowa.

Fara da ƙanwar Hajiya, wadda yarinyar ke kira Anti. Al'adarmu ta riga ta ba ki kayan aiki a nan: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta cika yi ba. To ga mace da ta haifi 'yar fari, amma a idon duniya 'yar yayarta ce, wadda ya kamata ta ja a jiki ba kunya ba kara. Me za ta yi? Idan ta kira sunan, bakinta zai yi nauyi. Idan ta ƙi kira, ta tona kanta. Sai ki sa ta zama ita kaɗai ce a dangi ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, kullum “ke” ko “'yar gidan Yaya”. Yarinyar za ta taso da yaƙinin cewa Anti ba ta ƙaunarta, har ta riƙa ɓuya a ɗaki in ta ji sallamarta. Mai karatu Bahaushe zai ji wani abu ya ɗarsu a ransa tun a shafi na 6, ko da bai gama gane mene ne ba.

Sai Alhaji. Idan mutum ne mai zuwa karatu a zaure ko masallaci, ya san aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza, ya kuma san labarin Zaidu ɗan Harisa da aka daina jingina shi ga Manzon Allah (SAW) bayan saukarta. Ke nan duk ranar da aka kawo masa takardar makaranta ya rubuta sunansa a bayan nata, ya san abin da yake yi. Ya kuma san abu na biyu, wanda ya fi hana shi barci: ranar da ya mutu ba ta da ko sisi a gadonsa. Riƙo ba ya sa gado, shayarwa ma ba ta sa shi. Hanyoyin da suka rage masa su ne kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Saboda haka wata rana zai sayi fuloti ya sa sunanta ita kaɗai, ba tare da ya yi wa sauran 'ya'yan bayani ba. Me gida zai ɗauka? “Baba ya fi son ta.” Daga nan 'yan'uwa sun sa mata ido, ita kuma ko dai ta taso da taƙamar 'yar lele, ko ta taso tana jin nauyin kowa, tana rarraba duk abin da aka ba ta don a daina harararta. Zaɓi ɗaya. Ko wanne kika ɗauka, kin sami hali mai tushe, kuma tushen nasa ƙarya ce da ita ba ta san da ita ba.

Akwai wata tambaya da dole ki amsa wa kanki: Hajiya ta shayar da ita ko ba ta shayar ba? Idan ta shayar da ita cikin shekarun shayarwa, to ta zama 'yarta ta nono, 'ya'yan Hajiya maza sun zama muharramanta kamar yadda aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta nuna, zaman gidan ya yi sauƙi. Idan ba ta shayar ba, waɗanda take kira Yaya 'ya'yan yayar uwarta ne kawai, aure ya halatta a tsakaninsu. Ranar da yarinyar ta fara zama budurwa, Hajiya za ta shiga tashin hankali. Za ta fara cewa “sa hijabinki” in samarin gidan sun shigo, ta hana ta shiga ɗakinsu, alhali ƙannenta mata suna shiga suna fita ba mai ce musu kanzil. Yarinya 'yar shekara 13 ba za ta fassara wannan da fiƙihu ba. Za ta ɗauka akwai wani abu marar kyau a jikinta da Mama ke gani. Ga inda rashin sakewa da maza ya samo asali, ga inda yawan neman yardar Mama ya samo asali, ba tare da kin rubuta jimla ɗaya mai cewa “ta kasance yarinya mai jin kunya” ba.

Ita kanta Hajiya ba za ta iya zama uwa kamar kowace uwa ba. Ko ta kasa dukanta ko sau ɗaya saboda tsoron kada zuciyarta ta ce “don ba ke kika haife ta ba”, ko ta tsananta mata fiye da kowa saboda tsoron kada ta bi sawun uwarta. Na biyun ya fi ciwo, ya kuma fi kama da abin da ke faruwa: duk saurayin da ya yi sallama sai gaban Hajiya ya faɗi, minti goma a zaure ta aiko a kira ta.

Adabinmu ya daɗe da sanin wannan. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930 cikin rukunin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933, a kan haka aka gina shi. Malam Shehu attajiri ne da bai sami haihuwa ba. Ya sa dukiyarsa ya raba Zainabu da Abubakar, saurayin da suke son juna, ya aure ta, ta haifa masa ɗa namiji da ake kira Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya samo, kuma a kan yaron ya sauke. Kyauta ya taso ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, a ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Abin lura a nan shi ne tsarin lokaci. Laifin uban ya auku tun ba a haifi yaron ba, yaron bai san da shi ba, amma mai karatu ya sani tun farko. Shi ya sa duk satar da Kyauta ya yi muna jin haushinsa muna kuma jin tausayinsa a lokaci guda, domin muna ganin bashin da yake biya wanda ba shi ya ci ba. Da an ɓoye mana abin da ya gudana tsakanin Malam Shehu da Abubakar sai a shafin ƙarshe, da Kyauta ya zama ɗan iskan yaro kawai a idonmu, mu gaji da shi tun a tsakiya.

Inda nake ganin marubucin yau ya kamata ya wuce wancan littafi shi ne hanyar da laifin uba ke bi ya isa ga ɗa. A can sammu ne ya ɗauki nauyin. Ya dace da zamaninsa da masu karatunsa, amma sammu gajeriyar hanya ce, tana ɗauke wa marubuci wahalar nuna yadda hali ke ginuwa. Gwada cire shi a ranki ki ga abin da ya rage: mutumin da ya daɗe yana jiran ɗa har ya taka wani don ya samu, yaya zai yi renon wannan ɗan? Zai iya ce masa a'a? Matar da aka raba da wanda take so, da wane ido take kallon mijin, kuma me yaro ke tsinta daga shirun da ke tsakanin iyayensa? Labarin zai tsaya da ƙafarsa ko babu boka. Da yawa daga cikin masu rubutu a waya yau da zarar hali ya gagare su bayani sai su aika kishiya wurin malamin tsibbu. Ina ganin wannan lalaci ne.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da na san ba za ki so ba: ki gaya wa mai karatu sirrin da wuri, ki bar yarinyar a duhu. Girgizar da kika samu a shafi na 40 ta kwana ɗaya ce, an yi ta sharhi a zauren WhatsApp, gari ya waye an wuce wurin. Amma mai karatun da ya sani tun shafi na 5 zai yi shafi 35 gabansa na faɗuwa. Duk lokacin da yarinyar ta yi wa Anti rashin kunya zai runtse ido. Duk lokacin da ta ce “ni da na yi kama da Babana” zai ji wani iri. Ba dole ne ki bi wannan hanyar ba, akwai labaran da ɓoyewa ta yi musu kyau. Sai dai in za ki ɓoye, sharaɗin shi ne wanda ya koma ya sake karantawa daga farko ya riƙa cewa “ashe shi ya sa” a kowane babi.

Sannan ki tambayi kanki su wa suka sani. A gidan Bahaushe da wuya irin wannan magana ta zama ta mutum biyu. Ungozomar da ta yanke cibi ta sani. Dangin da aka kai ƙanwar Hajiya wurinsu a ƙauye har ta haihu sun sani. Maƙwabtan da suka ga an yi suna ba su ga ciki ba sun sani. Kishiyar Hajiya, in tana da ita, ta fi kowa sani, tana ajiye da shi don ranar da zai yi mata amfani. Abin da ke riƙe da sirrin kara ce da kawaici, da tsoron kada a ce kai ka fasa ƙwan. Saboda haka yarinyar tana yawo ne a cikin unguwar da manya da yawa suka san abin da ba ta sani ba game da kanta, tana ganin tsofaffi suna yi mata wani irin kallo, ana yin shiru in ta shigo ɗakin da ake hira a gidan biki. Kuma hanyar da irin wannan magana ta fi fitowa ita ce gori: faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wata ta ce “je ki tambayi asalinki”.

A nan ne ranar ɗaurin aurenki ta ba ni matsala. Ban da cewa an yi ta har ta gundura, ba ta cika dacewa da yadda muke aure ba. Kafin a kai ga sa rana dangin miji sun yi bincike, kuma asali na cikin abin da suke fara tambaya. Maganar wanda zai yi walicci ma tun kafin ranar ake yin ta a tsakanin manya. Idan attajirin gida ne a cikin gari, da wuya a kai ga tara jama'a a ƙofar masallaci ba wanda ya raɗa wa dangin ango komai. Abin da ya fi kama da gaskiya, ya kuma fi cin rai, shi ne manema biyu ko uku su zo da zafinsu, a kai maganar gaban manya, sai su janye ba dalili. Yarinyar ta fara zargin kanta, Hajiya ta ce jifa ne a nemo rubutu alhali ta san ba jifa ba ne.

Yanzu ga ɗaya rabin tambayarki, shawarar iyaye. Ki zauna ki rubuta daren da aka yanke hukuncin, ko da ba za ki taɓa sakin shafin ba. Su wa ke ɗakin? Kakar yarinyar ce ta kawo shawarar, ko Hajiya ce ta ce a ba ta? Ita mai jegon an tambaye ta, ko tana kwance ta juya fuska bango aka gama magana a kanta? Wace hanya ce kuma suka bari ba su bi ba? Domin in babu wata hanyar, ba zaɓi suka yi ba, ƙaddara ce ta faɗa musu, kuma ba a tuhumar mutum a kan ƙaddara. Dole ya zama akwai abin da za su iya yi dabam, mai tsada, suka kasa.

Kada kuma ki wanke Hajiya tas, kada ki shafa mata baƙi tas. A ce lokacin shekararta shida da aure ba haihuwa, dangin miji sun fara maganar ƙarin aure. Ta karɓi jaririyar don rufa wa ƙanwarta asiri, da gaske ne. Ta karɓe ta don ta sami abin goyo a gidan da kujerarta ke rawa, shi ma da gaske ne. Ita kanta ba ta san wanne ya fi nauyi ba, kuma wannan rashin sanin shi ne zai sa ta kasa haɗa ido da ƙanwarta shekara ashirin. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da ya juya rayuwar yaron gaba ɗaya shi ne uwarsa ta bar shi a hannun wata ta tafi ganin iyayenta, kafin ta dawo an sace shi. Babu mugunta a ciki ko ƙwayar zarra, kowace uwa za ta iya yin haka, amma sauran rayuwarta a neman sa ta ƙare har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Shawarar da mai karatu zai ce “ni ma da haka zan yi” ta fi ta azzalumin uba tsayawa a rai, domin ba ta ba shi damar tsayawa gefe yana tsine wa wani.

Af, kuma ba dole sai cikin shege ba. Ya zama kamar shi kaɗai ne sirrin da marubutanmu suka sani. Akwai matar da Alhaji ya aura a wani gari ba a sani ba sai ranar zaman makoki ta iso da yara uku. Akwai gidan da ake ciki wanda ashe na marayu ne aka danne. Akwai iyayen da suka san dukansu AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila a jini, suka rufe ido suka yi aure, alhali kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da sikila, ga ɗansu yana kwana asibiti yana jin ana cewa iska ce. Wanda zai rubuta wannan na ƙarshen ya lura da shekara da wurin da ya aje labarinsa, domin a Kano tun 2024 akwai dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na gano AS da SS, don haka ma'auratan yau sai an nuna yadda suka kauce mata.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: shawara ɗaya ba ta gina 'ya'yan gida iri ɗaya. Idan Alhaji yana da babban ɗa daga wata matar, wanda yake da shekara takwas lokacin da aka kawo jaririyar, to ya isa ya tuna cewa Hajiya ba ta yi ciki ba. An ja kunnensa sau ɗaya, bai sake magana ba. Wane irin mutum yaron da aka koya wa haɗiye magana tun yana aji uku zai zama? Wataƙila shi ne mai tsare mata faɗa a ko'ina, wataƙila shi ne wanda bai taɓa sakar mata fuska ba. Ina zargin tauraron da ya fi kowa rai a labarinki yana nan a gefe ba ki waiwaye shi ba.

Bayan tonuwar asiri kuma, ki guji abin da aka saba: ta yanke jiki ta faɗi, a kwasa sai asibiti, likita ya ce jininta ya hau, ta farfaɗo ta gudu, bayan shafi uku kowa ya durƙusa a yafe wa juna. Mutum ba ya sake hali a dare ɗaya. Abin da za ta yi da gaskiyar zai fito ne daga halin da ƙaryar ta gina mata. Idan ta taso mai neman yardar Mama, washegari da asuba za ta dafa shayi ta kai mata kamar kullum, ta durƙusa ta aje, sai gaisuwar ta maƙale domin ba ta san da wane suna za ta kira ta ba. Anti kuma ba za ta zama uwa don an faɗa ba. Shekara ashirin yarinyar tana gudunta, kuma fushin farko a kanta zai sauka, tun kafin ya isa kan Hajiya.

Tunda kin riga kin saki shafuka 40, ba za ki iya janye su daga wayoyin mutane ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne shafukan gaba. Ki ba Anti babi guda, ki ba babban yayan babi guda, kowannensu ya koma kan wani abu da masu karatu suka riga suka gani a baya, biki ko rashin lafiya ko ranar sallah, ya nuna abin da yake yi a wannan ranar wanda yarinyar ba ta lura da shi ba. In kin zo haɗa littafin wuri ɗaya don bugawa, ki koma shafukan farko ki dasa fulotin, da hijabin, da sunan da Anti ba ta kira, sannan ki duba ko manemin farko da ya janye ba zai fi ɗaurin auren amfani ba.